Dutse Ya Cinye Yatsun Firisila

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Ngo Firisila, wato Mama Firisila a bakin mutanen Jos, hannu da hannu ba zai manta ba. Ba wai matsewa take yi ba, a'a, tafin ne kawai: sai ka ji kamar ɓawon itace ka kama. Yaran coci har tsere suke yi su wuce ta a bakin ƙofa, wai in ta shafa kan yaro ba sai an kai shi wurin aski ba. Ita kuwa ko a jikinta. Takan ce hannun da ya ciyar da gida ne, wanda bai so ya yi gaba.

An haife ta a wani ƙauye can bayan Bukuru, lokacin da haƙar kuza ta fara mutuwa amma ba ta gama ba. Tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau take bin uwarta bakin kududdufi, su tsaya cikin ruwan sanyi suna wanke ƙasa da ƙwarya, ko a dace da ɗan baƙin yashin da za a sayar. Aure ne ya kawo ta Jos, gidan Mwadkon, kafinta a kasuwar Katako, mutum mai yawan dariya da yawan tari. Tarin ne ya tafi da shi. Ya bar ta da ɗa guda, Dantong, wanda ko firamare bai gama ba, da ɗakin haya a Laranto. Dangin miji suka ce ta tattara ta koma ƙauye. Ta ce ta ji, ta gode. Bayan an share makoki ta ari guduma, ta bi matan da ke fasa dutse a bayan unguwa suna tara tsakuwa masu tifa na saye. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki, da shi Dantong ya yi makaranta, da shi ya koyi gyaran mota, da shi aka yi masa aure.

A Zumuntar Mata kuwa ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Amma duk wata tafiya da coci zai yi, da hannunta a ciki. Ita ce mai suyar cincin ɗin guzuri, ita ce mai ɗaukar jakar matar fasto a ka har tasha, ita ce mai tsayawa tana ɗaga hannu har mota ta ɓace. Ta raka masu zuwa taro, ta raka masu zuwa Isra'ila, ta tarye su da guɗa da suka dawo. Ita kanta iyakar tafiyarta Lafiya, biki, shi ma kwana ɗaya ta yi ta juyo.

To, ran nan bayan sujada, uwar zumunta, Malama Yael, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga tsawa ba, ta miƙe ta ce matan wani coci a Jamus, waɗanda suka daɗe suna zumunci da su, sun gayyaci wasu daga cikinsu babban taron mata, kuma su za su ɗauki nauyin jirgi da masauki. Aka fara kiran sunaye. Matar fasto, sakatariya, ma'aji, mai ba da waƙa, sunayen da kowa ya san za a kira. Saura gurbi ɗaya. Sai wata tsohuwa daga bencin baya ta ɗaga murya: "Firisila fa? Ko ita dakon jaka aka haife ta ta yi?" Wai! Ka ji yadda mata suka ɗauki sowa, har fasto ya leƙo daga ofis.

Firisila ta ce a'a, ita ina, me za ta je yi a ƙasar Turawa, ko Turanci ba ta ji. Aka ƙi saurarenta. Ta koma gida, aka ajiye mata gwate, ta kasa ci. Nan ta gane abin da bakinta ya ƙi faɗa a coci: tana so. So take yi ƙwarai. Sau ɗaya a rayuwarta tana so a ce ita ce a cikin motar, wasu ne a ƙasa. Washegari ta je gidan Malama Yael ta ce kada a goge sunanta.

Aka shiga shiri, kuma Malama Yael ba ta shiri da wasa. Ta kwashe su zuwa layin 'yan gwanjo a Katako neman rigunan sanyi. Matar fasto ta ce haba, mutumin Jos ne za a koya wa sanyi? Malama ta ce na Jos sanyi ne, na can azaba ne, kowa ta ɗauki mai kauri. Aka je aka yi allurar rigakafi. Aka ɗinka sabon zanen zumunta iri ɗaya. Aka ɗauki hoto, mai hoto yana ta faɗa a daina murmushi. Aka aro sikelin masu dankali, kowa ta kawo jakarta a gwada, nan aka kama ma'aji da daddawa da busasshen kifi cikin safa. Malama ta ce duk wadda kare ya shinshino a filin jirgi, ita ba ta san ta ba. Duk wannan Firisila ta wuce shi lafiya lau, ita ce ma mai ɗaga jakunkuna kan sikeli.

Matsala ta tsaya ne a ofishin fasfo. Kowa ta shiga ta ɗora yatsu a kan ɗan gilashin na'ura, zanen yatsun ya fito a kwamfuta, ta tashi. Da layi ya zo kan Firisila, ma'aikaciyar, wata budurwa mai haƙuri da ake kira Kausar, ta ɗora mata yatsa. Shiru. Ta goge gilashin, ta sake. Shiru. Ta ce ta hura yatsun, ta ce ta shafa a goshi, ta danna mata da nata hannun. Abin da ke fitowa baƙin tabo ne kawai, babu layi ko ɗaya. Kausar ta juya tafin hannun, ta duba shi da kyau.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Dutse nake fasawa, 'yata."

"To shi ne. Dutsen ya cinye zanen yatsunki. Na'ura ba ta ganin komai."

"Amma ga ni a gabanki, ai kina ganina."

"Ni ina ganinki, Mama. Ita ce ba ta gani." Ta ce zanen yakan dawo in aka bar hannu ya huta. A ajiye guduma, a bar wanki da omo, a bar ruwan zafi, a riƙa shafa mai, a dawo bayan wasu makonni a gwada.

A waje Malama Yael ta faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Kafin ƙarshen damina za a haɗa fasfo na kowa a nemi biza tare. Wadda nata bai fito ba, an bar ta. Firisila ta kalli hannuwanta, ta ji haushinsu kamar na wani ne. Ta ce, "Hutu ko? To za su huta, ko suna so ko ba sa so."

Kai, ashe zama aiki ne! Mace da tun tasowarta ba ta san ta farka ta zauna ba, yanzu ga ta a kan tabarma da hannuwa a cinya suna ƙyallin man kaɗe. Ta ga tsintsiya a yashe, hannu ya tafi da kansa, ta janyo shi. Ta ji ƙarar guduma daga bayan unguwa, ta tashi ta rufe taga. Dantong ya ɗauki cefanen gida, wannan bai dame ta ba, lokacinsa ne. Abin da ya dame ta surukarta ce, Nneoma, 'yar Ibo haifaffiyar Jos, mai ladabi, ga tsohon ciki har ba ta ganin ƙafarta. Ita ke durƙusawa ta tuƙa tuwo, uwar miji na zaune tana kallo. Matan gidan haya kuwa suka samu abin taunawa. Wai Ngo ta zama Baturiya tun ba ta ga jirgi ba, wai a sayo mata cokali mai yatsu. Ta ji, ya yi mata ciwo, ta haɗiye.

Ana cikin haka Kubra ta zo. Kubra tsohuwar maƙwabciya ce, ɗakinsu yana jikin na juna a shekarun da Mwadkon ke raye. Bayan rikicin gari ta koma unguwar Ali Kazaure, amma zumunci bai koma ko'ina ba. Tana sayar da man kaɗe da lalle da kayan ƙamshi, kuma a ganinta babu ciwon fata da ya fi ƙarfin kayan tirenta. Ta kama hannun ƙawarta, ta juya, ta yi salati.

"Maman Dantong, wannan tsaga mai kaɗai ba zai rufe ta ba. Ƙunshi za a yi. Ba ki ga yadda lalle ke kashe faso a ƙafa ba?"

"Maman Jabir, ni da tsufana, ga ni 'yar zumunta, in yi ƙunshi kamar amarya?"

"Magani ne, ba ado ba. Ki miƙo."

Maganar ta shiga, don Firisila ta sha ganin lalle ya gyara kaushi. Kubra ta kwaɓa mai kyau, ta lafta wa kowane yatsa, ta ɗaure da leda, suka wuni suna hirar da. Don ya kama sosai, bayan kwana biyu ta dawo ta maimaita. Yatsu suka fito jawur har suna baƙi-baƙi, tsaga kuwa ta rufe, ba ƙarya. Su biyun suka yi ta yaba aikinsu.

Da ranar komawa ta zo, Firisila ta shiga ofis da ƙarfin gwiwa, ta baje hannu a tebur. Kausar ta dafe kai.

"Wayyo, Mama! Wa ya sa ki?"

Ta gwada duk da haka. Na'ura ta ƙi. Ta ce da alama layin ya fara tasowa, amma lallen ya rufe shi, sai ya goge. Kuma kada a kankare, in aka kankare ɗan abin da ya taso zai tafi. Sai dai a jira ya fita da kansa.

A ranar, Firisila ba ta hau keke mai ƙafa uku ba, da ƙafa ta tako har gida don kada kowa ya yi mata magana. Kubra ta zo jin labari da fara'arta, ta tarar da fuska a murtuke. Firisila ta faɗa mata maganar da ba ta taɓa faɗa mata ba, ta ce ta kwashe tirenta ta bar mata gida. Kubra ta rantse da Allah alheri ta nufa, ta fita tana share ido da bakin mayafi. Masu ba da shawara suka yi ca. Wannan ta ce lemon tsami da toka, waccan ta ce ruwan bilic, wata ta kawo dutsen goge ƙafa. Firisila ta ce duk wadda ta matso kusa da hannunta za ta ga abin da ba ta so. Har Malama Yael ta zo, ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ko za a ba wata gurbin tun da sauran lokaci, in ya so tafiya ta gaba a sa ta a farko.

"Malama, wace tafiya ta gaba? Shekaruna nawa? Na ce miki na fasa?"

"Ba ki ce ba."

"To sai ranar da kika ce ta cika. In ta cika ban samu ba, da bakina zan ce a ba wata. Kafin nan gurbina ne."

Malama ta ce shi ke nan.

Lalle ya fara kodewa a hankali, daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa ruwan goro. Kullum da safe takan fita haske ta ɗaga yatsu tana ƙyafta ido, ko za ta ga layi. A wannan tsakanin ne Nneoma ta haihu, 'ya mace, aka sa mata Kamsi.

Yanzu fa aka zo wurin. Uwar Nneoma ta rasu tun tana budurwa, don haka wankan jego na uwar miji ne, babu tambaya. Kuma wace uwar miji? Firisila, wadda rabin matan Laranto ita ta gasa musu jiki bayan haihuwa. Ita ce ake aika wa tun kafin a sallamo mai jego daga asibiti, don ta san zafin ruwa da hannu, ta san yadda ake matsa ciki da tawul, ta san yadda ake juya jariri a miƙe masa gaɓoɓi. 'Ya'yan mutane ta yi wa, ba ta taɓa karɓar ko sabulu ba. Ga jikarta ta fari ta zo, ga tukunya tana tafasa a tsakar gida da ganye a ciki, matan gida sun ja baya sun ba ta wuri.

Ta tsaya a kan tukunyar, tururi yana dukan fuskarta. Ta san lissafin sarai: safe da yamma, hannu cikin ruwan zafi da sabulu, har a yi arba'in. Ko mako ba za a yi ba ɗan layin da ta yi ta reno zai narke. Ta naɗe hannun riga. Ta warware. Ta ce wa matan su rage wuta, tana zuwa.

Keke ta hau zuwa Ali Kazaure. Ta samu Kubra a ƙofar gida tana ƙulla man kaɗe. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Maman Jabir, na faɗa miki magana marar daɗi, ki yafe ni. Amma ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ɗauko mayafinki, jikarki tana jira."

Kubra ta dube ta, ta dubi yatsun, ta ce, "Ke dai ba ki iya ba da haƙuri ba." Ta shiga ta ɗauko mayafi.

Haka aka yi ta yi. Kubra ta zo da safe, ta dawo da yamma, ita ke tsoma hannu, Firisila na tsaye a kanta da hannuwa a baya tana ba da umarni kamar sajan. Ruwan bai yi ba, ƙara. Ba nan ba, ƙasa kaɗan. Riƙe mata wuya, ke! Kubra takan ce ita ma fa ta haifi shida, ba yau ta fara ba. In an gama an naɗe Kamsi a tawul, sai a ɗora wa kakar a damtse ta rungume. Iyakar rabonta ke nan.

 Ran nan bayan wanka, Nneoma tana kwance, ta juya fuska bango ta ce, "Mama, na ɗauka ke za ki tsaya mini a madadin uwata." Murya ƙasa-ƙasa ta faɗa, amma gara a ce tsawa ta yi. Dantong kuwa bai iya ƙasa-ƙasa ba. Ya dawo daga gareji ya tarar da matarsa tana kuka, ya tsaya a tsakar gida.

"Ngo, wai Jamus ta fi jikarki ne? Mutane na ta magana!"

"Su yi ta yi. Zo nan." Ta buɗe masa tafin hannu. "Tun kana firamare hannun nan naka ne. Na ba coci, na ba unguwa, ban taɓa cewa na gaji ba. Yanzu na ce a ara mini shi na ɗan lokaci, ni ma in yi abu ɗaya da shi don kaina. Ina son yarinyar nan har raina, kuma zuciyata tana ciwo duk safiya. Amma ba zan fasa ba."

Dantong ya sunkuyar da kai. Ita kuma ta shiga wurin Nneoma, ta zauna a bakin gado, ta yi mata alkawari: ranar da na'ura ta karɓi yatsun nan, a ranar da yamma ita za ta yi musu wanka, Nneoma da Kamsi, kuma ita za ta ci gaba har a gama. Nneoma ta share hawaye ta ce ta yarda. Tun daga nan gidan kaf ya koma duba yatsu. Har Dantong yakan haska da fitilar waya ya ce wallahi ga layi nan, kamar kunyar gona.

Ana saura kaɗan wa'adin Malama ya cika suka koma ofishin fasfo, ita da Malama Yael ɗin. Firisila ta tafi da hannuwa cikin safa, ba ta yarda ta kama ko ƙarfen keke ba. Kausar ta gane ta tun daga ƙofa. Ta duba yatsun, lallen ya saura a farce kawai. Ta goge gilashi, ta ɗora yatsan farko. Na'ura ta yi jim, sai ga shi a kwamfuta, ƙato, layi-layi a murɗe, da ɗan tabo a gefe. Firisila ta leƙa.

"Nawa ne wannan?"

"Naki ne, Mama."

Wasu yatsun suka shiga nan take, wasu sai da aka yi ta lallaɓawa, ƙaramin yatsan hagu ya ba da wahala har gumi ya karyo wa kowa. A ƙarshe Kausar ta jingina da kujera ta ce an ɗauka, an gama. Firisila ta manta a ofis take, ta rangaɗa guɗa, har mai gadi ya shigo da gudu. Ta gode wa Yesu, ta gode wa Kausar, ta sa mata albarka har jikokinta. Ta miƙe tana gyara zane.

"To alhamdu, yau hannuna ya dawo nawa. Yau jikata za ta ji hannun kakarta."

Kausar ta ɗago kai. "Mama, ba dai ruwan zafi ba? Ai da saura. Wurin biza a Abuja za su sake ɗauka. In kun sauka can ma, a filin jirgi, suna iya cewa ki ɗora su gwada da wanda aka ɗauka. In bai yi daidai ba, matsala ce. Ki ci gaba da lallaɓa su har ki shiga ƙasar."

Firisila ta juya ta kalli Malama Yael. Malama, mai tsawa, ta rasa inda za ta sa ido.

"Kin sani?"

"Na sani, Ngo. Na ga in na faɗa miki duka a lokaci ɗaya za ki karaya. Na ce bari mu haye wannan tukuna."

Firisila ta fita ta tari keke. A cikin keke ta yi lissafin da ba ya buƙatar makaranta: kafin a je Abuja, kafin biza ta fito, kafin a tashi a sauka, an daɗe da yin arba'in. An sauke tukunya. Wankan jegon jikarta ta fari zai wuce ba ta tsoma hannu ko sau ɗaya ba, kuma ba a maimaita shi. Hawaye suka zubo, ta bar su, mai keke yana ta satar kallonta ta madubi.

Labari ya riga ta isa gida, don Malama ta buga wa Dantong waya tun suna ofis, rabin labarin kawai ta ba shi. Ta tarar da tsakar gida cike. Matan da suka yi mata dariya su ne kan gaba wajen guɗa. Tukunya tana tafasa, an jera baho da tawul da sabon sabulu. Kubra ta riga ta yafa mayafi, ta ajiye tirenta a bakin ƙofa, aikinta ya ƙare. Nneoma ta fito da Kamsi tsirara a hannu, fuskarta duk murmushi, ta miƙo ta.

Firisila ta tsaya. Yarinyar tana wutsil-wutsil da ƙafa, ga ruwa ya yi daidai, daga tururin ma ta san ya yi. Babu wanda zai hana ta. Malama ba ta nan, Kausar ba ta nan.

Ta faɗa musu abin da aka ce, a taƙaice, ba ta ƙara ba ta rage ba.  Ta dubi surukarta ido cikin ido.

"'Yata, na yi miki alkawari, kuma yau zan karya shi. Ban san da saura ba. In kin ce in tsoma, ba zan ga laifinki ba, amma ina roƙonki kada ki ce."

Nneoma ta kalle ta. Sannan ta matso, ta ɗaga jaririyar, ta manna ta a kumatun kakar, ta bar ta a nan har hawayen tsohuwar ya jiƙa mata ciki.

"Ki je, Mama," in ji ta. "Ki je ki dawo ki ba ta labari."

Firisila ta mayar da hannuwanta baya, ta kama ɗaya da ɗaya ta riƙe gam. Ta juya wajen ƙofa.

"Maman Jabir, cire mayafin nan. Ruwa yana hucewa."